Zamzam ɗin Auta

Ni ba mai son jirgin sama ba ce, kuma ba na jin kunyar faɗa. A Jidda aka haife ni, a nan na girma ina kallon jirage suna wucewa ta samanmu cike da alhazai, amma har furfura ta fara leƙo mini ƙafata ba ta taɓa taka matakalar ko ɗaya ba. Ina za ni? Iyayenmu daga Nijar suka zo aikin hajji suka zauna, mu kuwa muka tashi a Karantina, unguwar mutanenmu da ke kudancin gari, riƙe da fasfon ƙasar da ba mu taɓa gani ba. Makka a mota ake zuwa, Madina ma haka. Tafiya ɗaya tak na taɓa yi ta sama, zuwa Siƙilliya, wani tsibiri na ƙasar Italiya a tsakiyar Bahar Rum, kuma saƙon da na je kaiwa gorar ruwa ce guda.

Ƙanena ne a can. Mu biyu kaɗai muka rayu a ɗakin Inna, ni 'yar fari, shi auta, tazarar da ke tsakaninmu har ni na goye shi. Da Baba ya rasu, iƙamar Auta, wato takardar izinin zamansa, ta mutu tare da shi, don a kan takardar Baba yake zaune. Ni Allah ya rufa mini asiri na samu kafili, wato mai tsaya mini a takardar zama, wani gida ya ɗauke ni aikin kula da tsohuwarsu. Shi bai samu ba. Ya zama mai wankin mota a bayan kasuwa, in ya hango motar 'yan sanda sai ya bar bokiti da soso ya faɗa lungu. Yaro ne mai zuciya, wannan zaman ya ishe shi. Inna kuwa maganarta ɗaya ce kullum, ya yi haƙuri ya zauna kusa da ita, ko busasshen burodin tamis ne su raba su ci.

Wata safiya ya ce mata ya samu ɗan aiki a Makka, zai kwana biyu. Ya sha shayinsa, ya rataya 'yar jaka, ya fita. Ashe kansa ya je ya miƙa a mayar da shi Nijar. Aka ɗauki hoton yatsunsa, wanda kuwa aka yi wa haka aka fitar, ba shi ba Jidda. Daga Yamai ya kira, ni ya kira ba ita ba, don ya san halin uwarsa. Daga nan sai Agadas, daga nan sai Libiya, sai muka daina jin ɗuriyarsa gaba ɗaya. Na rame a lokacin har mutanen gidan aikina suka zaci ciwo nake. Can wata rana ya bugo da wata baƙuwar lamba, ya ce ya haye teku a kwale-kwalen roba, yana raye, sunan wurin Siƙilliya.

Ba tafiyar ce ta fi ƙona wa Inna rai ba. Ƙaryar ce, da fita ba sallama. A gidanmu ko kasuwar Bab Makka za ka sayo albasa, sai ka rusuna a ƙofar ɗakinta ka faɗa, ta sa maka albarka sannan ka wuce. Da na kai mata labarin yana raye, ta ɗaga hannu ta yi hamdala, sannan ta ce, “Wanda ya tsallake ƙofata bai nemi albarkata ba, ya je teku ta zame masa uwa.” Daga ranar ba ta ƙara karɓar wayarsa ba, ba ta kuma ƙara ambaton sunansa ba. In na miƙa mata wayar sai ta juya fuska bango. Amma ina kashewa, ba za a jima ba ta ce, “Wancan ɗin, ya ce yana samun abinci?”

Kai, Inna! Na sha yi mata faɗa a kan wannan. Na ce, “Haba Inna, ke kina ƙuna shi yana ƙuna, wa aka burge?” Sai ta ce in kama bakina, ba ni na yi naƙudarsa ba.

Da aka zo rushe Karantina, muka kwashe 'yan komatsanmu muka koma unguwar Waziriyya, ɗaki ɗaya a saman bene. Tun daga nan Inna ta fara zubewa. Matan da suke zama tare a bakin titi suna sayar da gyaɗa da turaren wuta duk sun watse, wasu sun koma unguwar Kurayyat, wasu an mayar da su ƙasashensu. Benen ma ya fi ƙarfin gwiwarta, sai ta wuni a bakin taga tana kallon rufin mutane. Ciwo ya zo ya same ta a zaune, bai sha wahalar kayar da ita ba.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, ina gida don ranar hutuna ce, ta ce in tsiyayo mata Zamzam daga jarka a wata gorar roba, irin ta ruwan sha da ake sayarwa a kowane shago. Na tashe ta zaune, na jingina ta da jikina. Ta kai gorar bakinta ta yi ta karatu ƙasa-ƙasa tana tofawa, ta daɗe har na ji ƙafata ta yi sanyi. Sannan ta ce in rufe.

“Wannan na Auta ne,” in ji ta. Rabona da jin sunan a bakinta har na manta. “Ki ce masa na yafe masa duniya da lahira. Ya sha, ya shafe fuska. Hannunki da hannunsa, ban ce ki ba wa wani saƙo ba.”

Na ce, “Inna, ga waya, bari in kira shi ki faɗa masa da kanki.”

Ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata. “Ni ba na yafe wa mutum ta cikin ƙarfe.”

Juma'a ba ta zagayo da ita ba.

Na kira shi na faɗa masa rasuwar. Kukan da ya yi ba na son tunawa. Da ya lafa na ce ta yafe masa, sai ya ce, “Yaya, ke mai rufa asiri ce. Ko ba ta faɗa ba haka za ki ce mini.” Na rantse, na maimaita, bai yarda ba. Sai da na ba shi labarin gorar, yadda ta sa na tsiyayo, yadda ta yi tofin, sannan ya daina musu. Ya san wannan ba abin da zan iya ƙirƙira ba ne, aikin Inna ne sak. Ya ce, “Ki ajiye mini.” Tun daga ranar, duk hirar da za mu yi, ko ta minti ɗaya ce, sai ya rufe da, “Gorata tana nan?” In ce tana nan. Tana saman kwaba, na naɗe ta da tawul, ba abin da ke bisa kanta. Yadda za ta isa gare shi kuwa, ni da shi ba wanda ya sani. Shi ba ya shigowa, ni kuma 'yar aiki da fasfon Nijar, wa zai ba ni bizar Turai?

Tsohuwar da nake kula da ita, kowa a gidan Sitti yake ce mata, wato kaka, ni ma haka nake ce mata. Babban ɗanta shi ne kafilina. Duk shekara in zafi ya tsananta sukan fita ƙasashen waje su sha iska, su bar ni da ita a gida. A waccan shekarar suka ce sai an tafi da ita, wai likita ya ce canjin iska zai yi mata amfani. Ina kicin ina juya miya na ji jikanyarta a falo tana nuna hotuna a waya tana cewa Siƙilliya, Siƙilliya. Wallahi ludayin ya suɓuce mini ya faɗa tukunya. Sitti kuwa ta ce ko ƙofar gida ba za ta ba in ba da ni ba, don ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni. Haka takarduna suka bi nasu aka kai neman biza, ni ina gefe ina ta salati.

Ranar da bizar ta fito, ina shafa wa Sitti mai a ƙafa na ba ta labarin duka. Tsohuwa ce mai faɗan tsiya, sai ta zage ka a kan shayi ya yi sanyi, amma ranar ta yi kuka har da shessheƙa. Matsalar ita ce Auta a gonakin tumatir yake aiki, cikin irin rumfunan ledar nan, nesa da inda za mu sauka, kuma yini ɗaya kacal maigidansa ya yarda ya ɗaga masa. Mu kuma daga filin jirgi mota za ta kwashe mu zuwa wani gida da suka kama a ɗaya gefen tsibirin, ni ba ni da halin barin Sitti ko na rabin yini. Ke nan in za mu haɗu, a filin jirgi ne, a tsaitsaye. Sitti ta ce, “Ki ce masa ya zo. Ni zan tsayar da su.”

Na cika akwati da tsaraba kamar mai kai lefe: dabino, jallabiya, turare, yajin da na daka da hannuna, har da busasshiyar kuɓewa. Matar kafilina ta shigo ta ga gorar a hannuna, ta ce in jefa ta cikin akwatin. Na ce to, amma a raina na ce Allah ya kiyaye. Zamzam, da ayoyi a ciki, da numfashin uwata, in cusa shi tsakanin takalma a wurga ƙarƙashin jirgi, ƙarti suna takawa? Ga shi maƙwabciyata 'yar Chadi ta taɓa ba ni labarin yadda akwatinta ya ɓace a hanya, har yau ba shi ba labarinsa. Sai na sa gorar a jakar magungunan Sitti, wadda ke rataye a bayan keken guragun da nake tura ta a kai, inda hannuna zai riƙa taɓa ta. Ba wanda ya gaya mini ba a shiga jirgi da ruwa. Ko kuma an faɗa, ni ce hankalina ba ya wurin. A Jidda muka wuce lafiya lau, ina jin an ɗauka ruwan shan maganin tsohuwa ne.

Tashin jirgin kam ba zan ɓoye ba, na riƙe hannun Sitti har ta ce zan karya ta. Na leƙa ta taga na ga Jidda tana ƙanƙancewa, na nemi Karantina da ido, sai wani farin fili na gani kusa da teku, ban ma tabbata shi ne ba. Daga nan ban sake leƙawa ba har muka sauka a Turkiyya, inda za mu canza jirgi.

Filin jirgin nan gari ne guda. Muka yi ta tafiya, ina tura keke, har muka iso wani layi inda ake sake bincike. Na ɗora jakar magani a kan bel, ta shige cikin na'ura, sai na ga an ture ta gefe. Wata yarinya mai safar hannu, ba za ta wuce sa'ar jikanyar Sitti ba, ta zuge jakar ta zaro gorata, ta warware tawul ɗin, ta ɗaga ta sama tana magana. Kafilina ya fassara mini. Wai ruwan ya yi yawa, ba ya wucewa. Ko in shanye, ko in jefa a kwandon shara.

Na ce, “Zamzam ne.” Na nuna gorar na sake cewa, “Zamzam.”

Yarinyar ta gane. Ta dafa ƙirji ta ɗan rusuna, da alama Musulma ce, amma ta girgiza kai. Sitti ta sa baki daga kan keke ta ce maganinta ne, a bar mata. Aka kira wani babba, ya duba gorar, ba takarda ba hatimi, shi ma ya girgiza kai. Na ce to a mayar da ita cikin akwatina. Aka ce akwatuna sun riga sun yi gaba. Layi ya taru a bayanmu, mutane suna ta leƙe suna tsaki da yarensu.

Kafilina ya duba agogo ya ce, “Malesh, yi haƙuri, halas, shi ke nan, jefa kawai. In mun koma zan sa direba ya kawo miki jarka guda daga Makka. Yalla, mu tafi.”

Shekara da shekaru ina gidan mutumin nan ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar na ce, “Jarkar taka akwai bakin uwata a ciki?” Sitti ta ce masa ya rufe mata baki ya matsa gefe.

Na leƙa kwandon sharar. Gorunan lemo ne a ciki, da tsumman goge hanci, da ragowar abincin wani. Na san ko za a yanka ni ba zan sa tofin Inna a nan ba. Na tambayi yarinyar ina alƙibla, da hannu na nuna mata alamar salla. Ta ɗan yi tunani, ta nuna mini wata kusurwa, wajen shagon sayar da agogo. Na juya can, na buɗe murfin da ban taɓa buɗewa ba tun ranar da Inna ta ce in rufe, na yi bismilla na kafa kai.

Ruwan da ɗumi, da ɗan warin roba. Ina sha hawaye na zuba. Ni 'yar fari ce, a wurinmu kuwa uwa ba ta nuna wa ɗan fari so a fili, ba ta kiran sunansa, ba ta jan shi a jiki gaban mutane. “Ke” nake a bakin Inna har ta koma ga Allah. In zazzaɓi ya kama ni ina yarinya, gidan ƙanwar Baba ake tura ni ita ta yi mini tofi. Ban taɓa sanin ɗanɗanon tofin Inna ba sai ranar, a tsaye, a tsakiyar baƙi, kuma ba nawa ba ne. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na yi dabarar rage ɗan kaɗan a ƙasa, yarinyar ta karɓa ta girgiza, ta miƙo mini da fuskar ban haƙuri. Na ƙarasa. Ta bar mini gorar ba komai a ciki, na naɗe ta da tawul ɗinta na mayar jaka.

A jirgi na biyu Sitti ta ce in zauna a bakin taga, wai in kalli duniya ko zuciyata ta yi sanyi. Tsoron ma ya bar ni, baƙin ciki ya kore shi. Muka hau, ƙasa ta ƙare, sai ruwa. Ni 'yar bakin teku ce, amma tekunmu na Jidda daga gefe na san shi, inda ake shimfiɗa tabarma a sha shayi. Ban taɓa sanin ruwa yana da faɗi haka ba. Shuɗi ne har iyakar gani, nan da can wani ɗan tsibiri kamar an yar da ɓawon gyaɗa, sai kuma ruwa. Lokaci-lokaci in hango wani farin ɗigo yana jan layi a bayansa, Sitti ta ce jiragen ruwa ne manya. Na ce in manyan ke nan, to na roba fa?

Auta da tsoron ruwa! Ranar salla in na kai shi bakin teku yana ƙarami, igiyar ruwa na tahowa zai ƙanƙame zanina yana ihu, yaran unguwa suna yi masa dariya. Wannan yaron ne ya zauna a kan roba a tsakiyar abin da nake kallo, ba uwa ba yaya, ba wanda ya san inda yake. Ni ga ni a sama a kan kujera mai laushi, ana miƙo mini burodi da man shanu. Na ji kewarsa ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba duk tsawon shekarun, yanzu da ya rage saura kaɗan in gan shi. Na ji kewar Inna, da ɗakinmu na Karantina mai yoyo, da ƙarar bokitinsa in ya dawo da yamma. Ina son in isa, ina kuma fatan jirgin ya yi ta tafiya kada ya sauka.

Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta ajiye mini ruwa a kofi. Na dube shi, na dubi jakar da ke kan cinyata. Wa zai sani? Ruwa dai ruwa ne a ido. Har na zaro gorar na kwance murfin. Sitti tana kallona ta gefen ido. Sai na tuna ƙarya ce ta raba yaron nan da uwarsa, yanzu kuma ni in ɗauki wata ƙaryar in haye teku da ita in ba shi ya sha? Na mayar da murfin na ɗaure. Ruwan kofin ma na kasa sha.

Can sai jirgi ya fara sunkuyawa, kunnuwana suka toshe. Abin da na fara gani wani ƙaton dutse ne baƙi, hayaƙi na fita ta kansa a hankali, mutanen jirgi suna ta ɗaukarsa hoto. Ni na zaci Turai kore ce shar, sai na ga ƙasa busasshiya ruwan ƙasa-ƙasa, da gonaki layi-layi, da jajayen rufin gidaje. Daga nesa wasu abubuwa suna ƙyalli a rana, na ce ko rumfunan ledar su Auta ne, na yi ta kallonsu har fiffiken jirgi ya tare mini. Tayoyi suka daki ƙasa, mutane suka kama tafi. Ni hannuna na kan jaka.

Aka buga mana hatimi, muka ɗauki akwatuna, ga nawa nan lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Na harare shi kamar shi ya yi mini laifi. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, na turo keken Sitti waje.

Ban gane shi nan take ba. Ni saurayi nake nema, sai ga wani ramammen mutum da gemu har da furfura, cikin wata riga da ta yi masa yawa. Shi ya gane ni. Ya taho da sauri, yana isowa ya zube a kan gwiwoyinsa a tsakiyar mutane ya ce, “Yaya.” Na saki keke na kama kansa. Ban san me na ce ba. Na dai san na yi ta dukan kafaɗarsa ina cewa ɗan banza, ɗan banza, ka ga yadda ka koma?

Ya tashi ya sumbaci kan Sitti ya gaishe ta da Larabcin Jidda tsantsa, irin na 'yan bayan kasuwa. Tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Sannan ta juya ta ce wa ɗanta ita fa ba za ta shiga mota ba sai ta sha gahawa, kuma ba ta son a hanzarta ta. Suka tura ta wani ɗan shago, muka samu benci a waje muka zauna.

Hannayensa na fara kallo, duk sun yi kanta sun tsattsage. Bai tambayi saƙon ba tukuna. Ya tambayi masallacin lungunmu, na ce babu. Mai dafaffen waken ful na bakin titi fa? Na ce ya koma Sudan. Gidan su abokinsa mai ƙofa shuɗiya? Na ce Auta, ba komai a wurin, fili ne. Ya gyaɗa kai. Sai ya goge tafin hannunsa a wando, ya miƙo su biyu ya ce, “To Yaya, ba ni.”

Na zaro tawul ɗin na ɗora masa. Tun kafin ya warware ya ji ba nauyi. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da cewa an ce in sa a akwati na ƙi.

“Duka?” in ji shi.

“Duka.”

Ya ɗaga gorar yana kallon rana ta cikinta. Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo. “Ni na haye tekun nan ban nutse ba, ruwan gora ɗaya ya kasa hayewa.”

Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana juya gorar, ni kuwa ina jiran ya tashi ya tafi, don na san zuciyar gidanmu. Can ya ce in gaya masa yadda ta yi. A zaune take ko a kwance? Wane zani ne a jikinta? Na faɗa masa. Ya ce in maimaita maganarta yadda ta fito, kada in gyara. Na maimaita, har da ta ƙarfen. Nan ya rufe ido ya ce, “Ita ce.”

Sai ya ce, “Bakinta ya taɓa bakin gorar?”

Na ce, “Ya taɓa. Hannunta rawa yake, sai da na tallafa mata.”

Ya miƙe ya koma ciki. Ta gilashi nake hango shi, ya je wani ɗan famfon shan ruwa da ke jikin bango, ya tara gorar ya cika, ya rufe, ya girgiza ta a hankali. Ya dawo ya tsaya a gabana, ya juya inda ya san gabas take, ya sha. Ya zuba kaɗan a tafin hannu ya shafe fuska har gemu. Ban san inda ruwa ya tsaya hawaye ya fara ba. Bai shanye ba, rabi ya sha. Ya sake komawa famfon ya cika ta har wuya, ya naɗe da tawul ya sa cikin riga.

Ba mu samu wata hirar kirki ba bayan nan. Na ba shi akwatin tsaraba, ya ce yajin kawai ya ishe shi murna. Mota ta iso, kafilina ya tsaya nesa bai ce yalla ba, amma na san lokaci ya yi. Na ɗora Sitti, na shiga, na juya ina kallon Auta ta gilashin baya, hannu ɗaya a kan akwati, ɗaya dafe da ƙirji, har muka sha kwana. Kwanakin da muka yi a tsibirin ban riƙe komai a cikinsu ba. Mun ci kifi, na yi wa Sitti wanka, mun dawo.

Yanzu ina Waziriyya, a ɗakin nan na saman bene, ni kaɗai. Auta yakan kira ranar Juma'a in sun tashi aiki. Ya ce kowace safiya kafin ya fita gona sai ya kurɓi kaɗan daga gorar, kuma bai taɓa bari ta sauka ƙasa da rabi ba, sai ya ƙara mata ruwa. Robar har ta fara dushewa, in ji shi. Rannan bakina da ba ya shiru na ce, “Auta, ai yanzu ruwan Italiya zalla kake sha.”

Ya ce, “Na sani, Yaya. Kada ki sake faɗa.”

Ban sake ba.